Minti Uku Na Atisaye: Abin Da Finafinan Tarihin 'Yan Wasa Ke Yankewa Daga Labarin Juriya

A gidajen kallo na ƙauyukan Ringim da Gumel da Ɗambatta, ranar da babu ƙwallon Turai, fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa ne ke riƙe samari a kan benci. A cikin irin waɗannan finafinai kuwa, waɗanda aka gina kan rayuwar wani ɗan wasa na gaske suna da farin jini na daban. Yaron da ya wuni yana yankan dawa, da yamma ya buga ƙwallo a filin firamare ƙafa ba takalmi, in ya ga ɗan talaka yana gudu a talabijin har ya zama zakaran duniya, kansa yake hangowa. Masu tura finafinai a waya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Wudil ranar Juma'a, sun san wannan kasuwa sarai.

Finafinan suna da amfani, suna zaburar da matasa. Matsalarsu ɗaya: suna koya wa mai kallo cewa juriya a zuciya kaɗai take, alhali a rayuwar mutanen da ake ba da labarinsu, juriyar ta haɗa da abinci da magani da lokaci da kuma wani mutum a gefe wanda ke biyan kuɗi. Waɗannan kuwa su ne abubuwan da almakashin edita ke fara cinyewa.

A duba yadda ake gina fim ɗin. A ƙa'idar marubuta, shafi ɗaya na rubutun labari yana cin kamar minti ɗaya, don haka fim na awa biyu shafi 120 ne ko kusa da haka. Kashi ɗaya cikin huɗu na farko na nuna talauci ko maraici ko wariya. Tsakiya ta ƙunshi tashe, sannan faɗuwa: karaya, kora, ko mutuwar wani na jiki. Kashin ƙarshe na babban wasa ne. Tsakanin faɗuwa da babban wasan nan sai a saka gutsattsarin hotuna da kiɗa mai tashi, jarumi na gudu da asuba, yana ɗaga ƙarfe, zufa na zuba, minti uku ko huɗu an gama. Ɓangaren da ya fi kowane tsawo a rayuwar ɗan wasa shi ne ya fi kowane gajarta a fim.

Dangal na 2016 misali ne mai kyau, domin kusan kowane mai zuwa gidan kallo ya gan shi. Mahavir Singh Phogat, mutumin wani ƙauye a jihar Haryana, ya horar da 'ya'yansa mata kokawa, babbarsu Geeta ta ci zinare a gasar ƙasashe renon Ingila da aka yi a Delhi a 2010, a ajin kilo 55. Tsakanin fara horon da wannan zinare akwai kimanin shekara goma. In aka ce yarinya na fita atisaye sau biyu a rana, kwana 300 a shekara, lissafin ya kai fita 6,000. Fim ɗin bai kai awa uku ba. Ba laifin darakta ba ne, babu wanda zai biya kuɗi ya kalli fita dubu shida masu kama da juna. Amma juriyar tana cikin fita ta dubu biyu da ta dubu uku, lokacin da babu kiɗa, babu ɗan kallo, kuma jiki bai nuna alamar wani ci gaba ba. Yaron da ya koyi atisaye daga fim yakan kwaikwayi zafin minti ukun nan: ya yi gudu fiye da kima kwana goma a jere ba hutu, ƙwauri ya kumbura, gwiwa ta riƙe, ya ajiye. Masu horarwa na gaske da sannu suke ƙara nauyin aiki, mako zuwa mako, da kwana ɗaya ko biyu na hutu, domin a lokacin hutu da barci tsoka ke ginuwa.

Wuri ɗaya da Dangal ya cancanci yabo shi ne inda uban ya je neman ragin kuɗin kaza don 'yan matan su samu abin gina jiki. Da wuya a ga fim ya tsaya kan wannan. Saurayi mai kilo 70 da ke atisaye mai nauyi yana bukatar kamar giram 100 zuwa 130 na sinadarin gina jiki a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Ke nan in da ƙwai kaɗai zai dogara, sai ya ci kusan ashirin kullum, wanda babu gidan manomi da zai ɗauka. Abin da ke cike giɓin a karkararmu shi ne wake da awara da ƙuli-ƙuli da nono, da kifi ga mutanen yankin Haɗeja. Giram 100 na ɗanyen wake ko gyaɗa ya haura giram 20 na wannan sinadari. Ɗan wasan da ke kan tuwon dawa da miyar kuka safe da dare, komai ƙarfin zuciyarsa, a turmi na uku ƙafarsa za ta yi sanyi. 'Yan kallo su ce ya karaya, alhali yunwa ce.

Sai batun rauni, inda finafinan suka fi yin ɓarna. Kusan kullum ana nuna jarumi ya koma fili da ciwo, likita na hana shi yana ƙi, kuma ya yi nasara. Tarihin gaske ba haka ya nuna ba. James Braddock, ɗan damben Amurka da aka yi fim ɗin Cinderella Man a kansa a 2005, ya yi ta faɗa da karyayyen hannun dama yana shan kashi, har ya bar dambe ya koma dako a tashar jiragen ruwa. Barin damben ne ya ba hannun damar warkewa, dakon da yake yi da hagu kuma ya ƙarfafa masa ita. Da ya dawo ya doke Max Baer a 1935 ya zama zakaran duniya, da hannu biyu lafiyayyu ya dawo. Haka Nwankwo Kanu: bayan zinaren gasar Olympics ta Atlanta a 1996 likitocin Inter Milan suka gano matsala a zuciyarsa, aka yi masa tiyata a Amurka, ya shafe watanni bai taɓa ƙwallo ba, kuma a 1999 ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Juriyarsa ita ce zaman jira da bin umarnin likita, tare da kulob mai asibitin da ya iya gano ciwon tun bai kashe shi a fili ba.

A fagen dambe na gargajiya raunin da aka fi gani shi ne karayar ƙashin bayan hannu, musamman wanda ke ƙarƙashin ƙaramin yatsa, saboda dukan da ya sauka a karkace kan goshi ko gwiwar hannun abokin karawa. Ƙashin yakan haɗe cikin mako huɗu zuwa shida in an ɗaure shi daidai, amma kafin ya iya ɗaukar duka sai an doshi wata uku. Abin da ke faruwa shi ne a je wurin mai ɗori, a kwance bayan mako biyu ko uku saboda an sa ranar wani wasa, a ɗaura zare a kan ƙashin da bai gama haɗewa ba. Ya sake karyewa ko ya haɗe a karkace, yatsa ya hau kan ɗan'uwansa in an dunƙule hannu. Hoton ƙashi ɗaya a babban asibitin ƙaramar hukuma, ko a asibitin ƙashi na Dala in abin ya yi tsanani, zai nuna ko ɗorin ya zauna. Wasu kuma su sha tiramol don kada su ji zafi, wanda ke kashe ƙararrawar da jiki ke kaɗawa ba tare da ya gyara komai ba.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne bugun kai. A damben zamani na masu neman lambar yabo, wanda aka sumar da shi ba ya komawa fili sai bayan aƙalla kwana 30. A namu fagen, wanda aka kashe yau, wato aka kayar da shi, ana iya ganinsa gobe da yamma yana neman fansa, makaɗa na zuga shi, 'yan kallo na cewa namiji ne. Amai, jiri, mantuwa, ciwon kai mai ƙaruwa, ko barci mai nauyi bayan duka alamu ne na asibiti a daren, ba na fansa ba, domin bugu na biyu kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba shi ne mai kisa na gaske. Fim ɗin da ya mayar da wannan taurin kai jarumta yana da alhaki a kansa.

Wani abin da marubuta ba sa iya haƙura da shi shi ne bos. Talauci ba shi da fuska, fari da ambaliya ba sa magana, don haka sai a nemo mutum a ɗora masa muguntar. A Dangal an nuna kociyan ƙasa ya sa an kulle uban a ɗaki ranar wasan ƙarshe. Wannan bai faru ba, kuma kociyan gaske ya fito ya nuna ɓacin ransa. Wasan ƙarshen ma da aka nuna ana kai ruwa rana har daƙiƙar ƙarshe, a zahiri Geeta ta cinye shi a zagaye biyu a jere. A Cinderella Man an mayar da Max Baer mai alfahari da kisan da ya taɓa yi a fili, ɗansa kuwa ya ce abin ya dami mahaifinsa har ƙarshen rayuwarsa. A The Hurricane na 1999 an nuna kamar alƙalai ne suka yi wa ɗan dambe Rubin Carter maguɗi a wasansa da Joey Giardello a 1964, Giardello ya kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu. Illar wannan ga mai kallo ita ce ya tashi da tunanin cewa duk abin da ya hana shi ci gaba wani maƙiyi ne. A wurin da ake saurin cewa an yi wa mutum asiri in ya faɗi, wannan darasi ba ya bukatar ƙarin taki.

Akwai kuma lissafin da fim ba zai taɓa nunawa ba, domin wanda ya yi nasara kaɗai ake yi wa fim. Rise na 2022 ya ba da labarin Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Nijeriya da suka yi hijira zuwa Girka, wanda ya yi talla a titin Atina, ya yi karɓa-karɓar takalmin wasa da yayansa, aka ɗauke shi ƙwallon kwando a Amurka a 2013, ya ci kofi da Milwaukee Bucks a 2021. Duk gaskiya ne. Amma a shekarar da aka ɗauke shi, mutum 60 kacal aka zaɓa a duk duniya, kamar kusan kowace shekara. Dubban yaran da suka yi irin wahalarsa, wasu ma fiye, babu kyamarar da ta bi su. A nan ne 'yan damfara ke shiga: wani ya zo da hoton Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars kafin ya tafi Turai, ya ce wa uba ɗansa ma zai iya, a sayar da gona ko shanun huɗa a biya kuɗin biza. Dokar FIFA ta hana kai yaro ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo sai a wasu keɓaɓɓun yanayi, kuma kulob na gaske da ke son ɗan wasa shi ke biyan kuɗin jirgi. Duk wakilin da ya nemi kuɗi daga iyaye, a tsaya nan.

Inda ake tsayar da labari shi ma zaɓi ne. Fim ɗin Ali na 2001 ya rufe a Kinshasa a 1974, Muhammad Ali ya kayar da George Foreman a zagaye na takwas, bayan an ƙwace masa kambu a 1967 saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, ya yi shekara uku da rabi ba dambe a ganiyar ƙarfinsa. Amma Ali ya ci gaba da faɗa har 1981, a 1984 aka tabbatar yana da ciwon karkarwa, ya rayu da shi har 2016. Jesse Owens, ɗan tseren Amurka, ya ci zinare huɗu a gasar Olympics a Jamus a 1936, ya koma gida ya ƙare da yin tsere da dawaki don ya samu na abinci. Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta na farko a gasar cin kofin duniya a 1994, ya rasu a 2012 bayan shekarun da ya yi a keɓe a Ibadan. A ganina shekarun bayan tafi sun fi na kafin tafi bukatar juriya, sai dai ba su da kiɗa.

To me ya hana Kannywood yin irin wannan fim a kan namu? Ba rashin labari ba ne. Hausawa sun daɗe suna adana tarihin 'yan wasa, a bakin makaɗa: Ɗan Anace ya dawwamar da sunan Shago har yau matasan da ba su taɓa ganinsa ba suna sa wa kansu sunan. Ga ƙwallon guragu da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988, inda waɗanda shan inna ya kama ke zama kan ɗan katako mai taya suna buga ƙwallo da hannu, kuma suka shiga gangamin rigakafi har aka ayyana Nijeriya ta rabu da cutar a 2020. Ga ɗan damben ƙauye wanda damina ke mayar da shi gona, kaka ta fito da shi fage, rani ya kai shi gidajen dambe na birni. Sunayen 'yan damben kansu sun riga sun faɗi abin da finafinan waje ke ɓoyewa: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. Sau da yawa ɗan dambe yana ɗauke da sunan ubangidan da ya ciyar da shi, ya ɗaura masa zare, ya zaɓa masa abokin karawa daidai ƙarfinsa. Fitowar da tsoho zai riƙe hannun yaro ya ce, "Ɗan nan, yau ba za ka shiga ba, hannun bai nuna ba," yaron ya ce, "Maigida, an riga an kira sunana," ta fi kowane bos na ƙarya nauyi.

Abin da ke hanawa aiki ne da lokaci. Fim ɗin soyayya ana ɗaukar fitowa da yawa a wuni guda cikin falo. Faɗan minti uku kuwa yana iya cin kwana biyu ko uku in ana son ya yi kama da gaske. Will Smith ya yi kusan shekara yana koyon dambe kafin ya fito a Ali. Tsayuwar ɗan dambe, ƙafa a buɗe, garkuwa a miƙe gaba da tafi a buɗe, hannun zare a baya yana lilo, ba a kwaikwayonta a mako ɗaya, kuma mutanen karkara za su gane ɗan koyo tun kafin ya kai duka. Ya fi sauƙi a ɗauki ɗan dambe na gaske a koya masa magana gaban kyamara, a kewaye shi da ƙwararrun jarumai a matsayin uwa da ubangida.

Shi dukan ba ya sauka. Hannu na wucewa da tazarar kamar taƙi ɗaya daga fuska, kyamara na bayan kafaɗar wanda ake duka don ta ɓoye tazarar, shi kuma ya juya kai daidai lokacin, a ƙara sautin daga baya. In ya juya da wuri ko ya makara, abin ya zama wasan yara. Dukan dambe da ke zuwa ta gefe ya fi miƙaƙƙen naushi sauƙin ɓoyewa. A yi zaren ɗauka na musamman, soso a ciki, igiya mai laushi a waje, a bar zaren gaske don hoton kusa lokacin ɗauri. Duk kyamarori su tsaya ɓangare ɗaya na layin da ya haɗa 'yan damben biyu, in aka tsallaka layin, wanda ke dama zai koma hagu a idon mai kallo, a rasa gane waye bahago.

Haske ma abokin gaba ne. Dambe wasan bayan la'asar ne, hasken da ke da kyau bai wuce awa ɗaya da rabi ba kafin magariba, inuwa na ƙara tsawo kowane minti. Faɗan da aka fara yau a ƙarasa gobe dole a koma daidai wannan lokaci, kuma in hazo ya sauka tsakanin kwanakin, launin sama ya canja, edita ba zai iya haɗa su ba. Shi ya sa farkon kaka ya fi tsakiyar hunturu. A yayyafa wa fili ruwa kaɗan don ƙura ta tashi daidai misali, a kai janareta nesa da doguwar waya, a ɗauki kalangu da kirari daban domin in ana kiɗa ba za a ji magana ba. Mutum sittin sun isa cika fage in aka jera su a ɓangaren da kyamara ke kallo, ana matsar da su ana sauya musu hula da riga. Hoton taro mai faɗi kuma a ɗauke shi ranar dambe na gaske, da izinin mai gari da masu fage.

Binciken labarin ya fi duk wannan wuya. Kirari ba shaida ba ne, aikinsa zuga. Wanda aka ce bai taɓa faɗuwa ba, in aka tambayi makaɗinsa da alƙalin wasa da tsofaffin abokan karawarsa daban-daban, za a samu ranar da ya faɗi, kuma sau da yawa a ranar labarin yake. Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, sai a ɗaure ta da abin da kowa ya sani: kafin farin 1973 ko bayansa, kafin a ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991 ko bayan haka. A zauna da matan gidan, su ne suka san ranar da aka sayar da akuya don kuɗin ɗori.

Kafin a kunna kyamara kuma a yi takarda. Milkha Singh, ɗan tseren Indiya, ya ba da izinin fim ɗin rayuwarsa kan rupi ɗaya tak na kuɗin ƙasarsu, amma da sharaɗin wani kaso na riba ya tafi gidauniyarsa. Michael Oher kuwa, ɗan wasan ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, wanda aka yi The Blind Side a kansa a 2009, sai a 2023 ya garzaya kotu yana ƙorafi kan takardar da ya sa wa hannu yana saurayi da kuma rabon kuɗin fim. A ƙauye ana yawan gamawa da "ai babu komai, Alhaji," har sai fim ya fito ya yi kasuwa. Takardar ta faɗi nawa za a biya da kuma yaushe, kason mai labari ko magadansa daga abin da YouTube da tashoshin talabijin za su kawo, wane ɓangare na rayuwarsa ya yarda a nuna, musamman aure da layu da shaye-shaye, da kuma ko yana da damar ganin fim ɗin kafin a kai shi hukumar tace finafinai. A karanta masa ita da Hausa gaban shaidu biyu. Abokan karawar da za a nuna an kashe su ma suna da 'ya'ya da jikoki a garuruwan da za a kalli fim ɗin, don haka ko dai a nemi yardarsu a rubuce, ko a sauya musu suna da gari.